Zuwa ga masu shagunan kwamfuta na birnin Sakkwato

 

Kun san maganar da ake zuwa muku da ita: "Alhaji ba ya gari, amma ga sa hannunsa a waya, ka ɗora mana." Sai yaron shago ya gutsuro hoton ya manna a ƙasan takardar haya ko ta bashi, a ba shi ɗan abin da ya samu. A kan wannan ɗorawar nake son mu yi magana.

Doka ba ta hana sa hannu ta na'ura ba. Sashe na 93 na Dokar Shaida ta 2011 ya karɓe shi, gyaran 2023 ya ƙara masa ƙarfi. Sashe na 17 na dokar laifuffukan intanet ta 2015 ma cewa ya yi wanda ya musanta sa hannun, shi zai kawo hujja. Ku lura da nauyin wannan: kun manna, mai sunan ne zai yi ta wahalar wanke kansa. In kuwa ta tabbata jabu ne, hukuncin yana kaiwa ɗaurin shekara 7 ko tarar naira miliyan 10, kuma daga kwamfutarku takardar ta fito.

Wasiƙun Sarkin Musulmi na dauri suna ɗauke da hatimi. Mai son gani ya leƙa cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu. Amma hatimin nan yana da mai ajiye shi, wasiƙar kuma tana da manzon da aka sani. Hoton da ke yawo a WhatsApp fa, wa ke riƙe da shi? Kowa.

Saboda haka ku kira mai sunan, ku ji daga bakinsa. Ya turo amincewarsa daga layinsa, kuma ya ambaci wace takarda ce. Ku ajiye littafi: rana, lokaci, wanda ya kawo aiki. In an je shari'a, babbar kotu za ta nemi takardar da sashe na 84 na Dokar Shaida ya shar'anta, mai bayanin na'urar da aka yi aikin da ita. Tun 2012 Kotun Ƙoli ta ƙi karɓar takardun intanet a shari'ar Kubor da Dickson saboda rashin cika sharuɗɗan sashen. In an gama aiki, a goge hoton. Na taɓa ganin kwamfutar wani shago cike da sa hannun mutane, kamar kwandon albasa, ko lambar sirri ba ta da ita.

Wasiyya, aure, saki, takardar haihuwa da ta mutuwa, dokar 2015 ta cire su daga cikin abubuwan da sa hannu ta na'ura ke halattawa. Kada ku taɓa, ko da kawunku ne ya roƙa.

Ku tuna kuma yawancin rikicinmu na gida da gona gaban alƙalin kotun Shari'a yake ƙarewa, shi kuwa tambayarsa ta farko ita ce: ina shaidu? Ku bar gurbin sunayen mutum biyu a ƙasan kowace takarda, su zo shagon da ƙafafunsu su sa hannu da biro.

Wassalam.