Yaron shago ya buɗe nasa: ina doka ta tsaya?

A kasuwannin Maraɗi, Damagaram da Tawa akwai rigimar da ta ƙi ƙarewa. Yaro ya yi shekaru yana tsaron shagon ubangidansa, ya san dillalai, ya san farashin sari, wata rana sai a gan shi ya kama rumfa a layi guda yana saida haja iri guda. Haka abin yake tsakanin uwar ɗaki mai ɗinki ko mai turaren wuta da yarinyar da ta koya wa sana'a.

Mu fara da abin da iyayen gida ba su son ji: buɗe shago ba laifi ba ne, kuma mai saye ba mallakar kowa ba ne. In akwai takardar kwantaragi da ta hana yaro gasa bayan ya bar aiki, alƙali zai duba ko doka ta yarda da wannan sharaɗi. Amma mu nawa ne muke rubuta takarda a kasuwa?

Haɗarin yana ga yadda aka fita. Yarjejeniyar Bangi ta 1977, wadda ta kafa hukumar OAPI da Nijar ke cikinta, ta haramta gasar rashin gaskiya: kwaikwayon suna ko tambarin wani har mai saye ya ruɗe, ɓata sunan kayansa, ko amfani da sirrin cinikinsa. Wadda ta tafi da sirrin haɗin turaren uwar ɗakinta, ta zuba a kwalba mai kama da tata, tana yaɗa cewa na tsohon gida jabu ne, ana iya kai ta gaban shara'a a nemi diyya.

Wanda ya fi wannan muni shi ne kuɗi. Yaron da ya bi masu bashin ubangidansa ya karɓi jika ɗari ya zuba cikin jarinsa ya ci amana, kuma cin amana laifi ne mai kai mutum gidan kaso, ko da yana ganin haƙƙin guminsa ya ɗauka.

A ganinmu iyayen gida ma suna da nasu kason. Wanda ya riƙe yaro shekara 10 ba albashi, ba maganar sallama, shi ya shuka rigimar. Kafin rabuwa a ƙirga kaya da basussuka gaban shaidu ko shugaban ƴan layi, a sa hannu. Tun gyaran dokar OHADA na 2010, ƙaramin ɗan kasuwa na iya bayyana sana'arsa a rajistar kasuwanci da sunan kansa ba sai ya kafa kamfani ba.