Haushin Kare da Yaran da Aka Saki a Zangon Tafi-da-gidanka

Kowace shekara, da zarar makarantun Ingila sun rufe a ƙarshen watan Yuli domin dogon hutu na kimanin mako shida, sai manyan hanyoyin da suka nufi bakin teku su cika maƙil da motoci, da yawa daga cikinsu suna jaye da wani ɗan ɗaki mai ƙafafun mota. Wannan ɗaki shi ne Turawa ke kira karafan, Hausawa kuwa tuni suka raɗa masa suna tafi-da-gidanka, domin a cikinsa akwai gado da murhu da wurin wanka. Iyali sukan ja shi zuwa Cornwall ko Devon ko Wales, ko gaɓar Lincolnshire wajen Skegness, su yada zango a wani fili da aka keɓe, su yi mako ɗaya ko biyu suna shan iska. Amma a irin waɗannan zanguna akwai ƙorafi biyu da ba sa tsufa, watau karen da ya hana mutane barci da haushi, da yaran da iyayensu suka sake su tun safe ba mai lura da su.

Kare dai tun farkon wannan al'ada yana cikinta. A 1885 wani likitan sojan ruwa ɗan ƙasar Sikotilan, Dokta William Gordon Stables, ya sa aka ƙera masa ɗakin da dawakai ke ja, ya sa masa suna The Wanderer, ya kama yawon shaƙatawa a ciki, kuma cikin abokan tafiyarsa har da wani ƙaton kare. Shi ake ɗauka uban masu wannan sha'awa. A 1907 aka kafa ƙungiyar Caravan Club, wadda ta sake suna a 2017 ta koma Caravan and Motorhome Club. Ɗaya babbar ƙungiyar, Camping and Caravanning Club, asalinta tun 1901 ne. Bambancin jiya da yau shi ne, Dokta Stables yakan tsaya a gefen hanya ko a filin wani manomi ba maƙwabci kusa, yau kuwa ɗakuna ɗari ko fiye sukan jeru a fili guda.

Wannan cunkoso shi ya sa Majalisar Dokokin Birtaniya ta kafa doka a 1960 wadda ta wajabta wa mai zango ya nemi lasin daga ƙaramar hukuma. Cikin sharuɗɗan da aka saba gindayawa akwai barin ratar mita 6, kimanin ƙafa 20, tsakanin ɗaki da ɗaki. An yi wannan ne domin gobara, kada wuta ta tsallaka daga ɗaya zuwa ɗaya. Ratar ta isa ta rage haɗarin wuta, amma ba ta tare sauti ko kaɗan, domin bangon tafi-da-gidanka fallen gwangwani ne ko roba da ɗan katako, kaurinsa bai fi 'yan yatsu ba. Wanda ya yi tari a wannan ɗaki na wancan ɗaki zai ji shi, balle kare ya buɗe baki da tsakar dare. Zo mu zauna, in ji Hausawa, zo mu saɓa.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne dalilin haushin. Karen da ya saba da gidansu an ɗauko shi an kawo shi baƙon wuri, yana jin takun mutanen da bai sani ba suna wucewa daf da ƙofa, yana shaƙar ƙanshin wasu karnuka ta kowace kusurwa, a ganinsa kuwa aikinsa ne ya yi gargaɗi. Mafi muni shi ne sa'ad da masu shi suka kulle shi a ciki suka yi tafiyarsu, wataƙila domin bakin ruwan da za su je an hana karnuka shiga a watannin zafi, kamar yadda ake yi a wurare da yawa a Ingila. Kaɗaici da tsoro sai su sa shi kuka awa bayan awa. Da yamma in sun komo, kare ya ji ƙarar motarsu ya yi tsit yana kaɗa wutsiya, idan maƙwabci ya kawo ƙara sai su rantse cewa karensu ba ya haushi. Sau da yawa ba ƙarya suke yi ba, su dai ba su taɓa jinsa ba ne, tun da ba ya yi sai ba sa nan.

Bayan takurar maƙwabta, ran dabbar ma yana cikin haɗari. Ƙungiyar hana zaluntar dabbobi ta RSPCA ta daɗe tana gargaɗi cewa idan zafin waje ya kai digiri 22, cikin rufaffiyar mota yana iya kaiwa digiri 47 a awa ɗaya, kuma gargaɗin ya haɗa da tafi-da-gidanka. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake rage zafin jikinsa, saboda haka iska mai zafi a rufaffen wuri tana iya kashe shi. Dokar kyautata wa dabbobi ta 2006 ta ɗora wa mai dabba alhakin lafiyarta, wanda ya bar ta ta wahala kuwa ana iya gurfanar da shi gaban kotu. Ashe ke nan maƙwabcin da ya je ya faɗa wa hukumar zango cewa ga kare can yana ta kuka a rufaffen ɗaki da tsakar rana, mai yiwuwa ceton rai ya yi.

Maganar yara ta fi ta kare nauyi. Iyaye da yawa suna kallon zango kamar lambun gidansu, tun da a kewaye yake da shinge, ga ciyawa, ga sauran iyalai. Sai su buɗe ƙofa da safe su ce wa yara su je su yi wasa, su kuma su miƙe ƙafa a ƙarƙashin rumfa. Alhali kuwa zango hanyar mota ce. Manyan ƙungiyoyin nan sun ƙayyade gudun mota a cikin zangunansu kada ya wuce mil 5 a awa, kimanin kilomita 8, watau saurin mai tafiya da ƙafa in ya ɗaga, kuma ba don ado aka yi haka ba. Direban da ke ja da baya da ɗaki mai nauyin fiye da tan guda a bayansa ba ya ganin abin da ke gindin ɗakin, yaro ɗan shekara huɗu a kan ƙaramin keke kuwa bai kai tsayin taga ba. Har ila yau akwai wayoyin lantarki shimfiɗe a ciyawa, da tukwanen gas, da murhun gashi mai garwashi, da ramin zubar da ruwan bayan gida mai magani, a wasu wuraren ma da tafki ko kogi.

Akwai kuma inda matsalolin biyu ke haɗuwa. Dokar zanguna ta ce a riƙe kare da gajeriyar igiya a kowane lokaci, saboda haka masu shi sukan ɗaure shi a turke gaban ɗakinsu. Yaron da ba mai lura da shi ya hango kare, ya sheƙo da gudu zai rungume shi. Karen da ke ɗaure ba shi da hanyar gudu, in ya tsorata sai ya kai cizo. Dokar karnuka masu haɗari ta 1991 ta mai da shi laifi a bar kare ya fita daga ikon mai shi har ya zama barazana, kuma tun 2014 aka faɗaɗa ta a Ingila da Wales ta shafi wuraren da ba na gwamnati ba. Hukuncin ɗauri yana iya kai shekara 5 idan kare ya ji wa mutum rauni, shekara 14 idan an rasa rai. Mai kare zai sha tuhuma, amma tabon a fuskar yaron zai zauna.

To, alhakin yaro a kan wa yake, mai fili ko iyaye? Kotunan Birtaniya sun daɗe da duba wannan tambaya. A 1922 aka yi shari'ar wani yaro ɗan shekara bakwai wanda ya ci 'ya'yan wani tsiro mai dafi a lambun shaƙatawa na birnin Glasgow ya rasu. Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda a wancan zamani ita ce kotun ƙoli, ta ce hukumar birnin tana da abin amsawa, domin ta san tsiron guba ne mai jan hankalin yara, ta bar shi ba gargaɗi. A 1955 kuma aka yi shari'ar Phipps da hukumar garin Rochester. Yaro ɗan shekara biyar ya fita tsinkar 'ya'yan itace tare da yayarsa 'yar shekara bakwai, ya faɗa wani dogon rami da aka haƙa a filin gini, ya karya ƙafa. Mai shari'a Devlin ya wanke hukumar, ya ce tsaron ƙananan yara tun farko a wuyan iyayensu yake, kuma mai fili yana da damar ɗauka cewa iyaye masu hankali ba za su bar 'ya'yansu ƙanana su je irin wannan wuri su kaɗai ba. Dokar 1957 ta zo ta ƙara da cewa dole mai wuri ya sani yara ba su kai manya taka-tsantsan ba. In an haɗa waɗannan, hukuncin a fili yake. Mai zango ya katange tafki ya rufe rami, amma shi ba mai reno ba ne.

Wanda abin ya dama, ina zai kai kuka? A takarda, dokar kare muhalli ta 1990 ta ba ƙaramar hukuma ikon aika wa mai kare takardar umarni idan haushin ya zama fitina. Amma kafin ma'aikaci ya zo ya bincika ya tabbatar, hutun mako guda ya ƙare, kowa ya ja gidansa ya yi gaba. Saboda haka mai maganin gaskiya shi ne mai kula da zango, wanda matsayinsa ya yi kama da na sarkin zango a wurin fatake. Shi ke nuna wa baƙo inda zai tsaya, shi ke riƙe da dokoki, kuma yana da ikon sallamar wanda ya ƙi ji. Dokokin ba boyayyu ba ne. Zanguna da yawa sun hana surutu daga ƙarfe 11 na dare zuwa 7 na safe, sa'o'in da dokar hana surutu ta 1996 ita ma ta kira dare. Sun hana buga ƙwallo tsakanin ɗakuna, sun hana barin kare shi kaɗai, sun kuma rubuta cewa yara suna hannun iyayensu a kowane lokaci.

Mai ƙorafi shi ma akwai ladabin da ke kansa. A ƙasar Hausa ana cewa ɗa na kowa ne, babba yana iya tsawata wa yaron maƙwabci ba wanda zai ga laifinsa. A Ingila abin ba haka yake ba, baƙon da ya daka wa ɗan wani tsawa ya shirya wa faɗa da uban yaron. Idan yaro yana cikin haɗari, misali mota na ja da baya tana nufo shi, wannan ba ya jiran izinin kowa, a tsai da shi nan take. In ba haka ba, hanya ita ce a sami iyayen cikin natsuwa a yi musu magana sau ɗaya, da rana, ba da tsakar dare cikin fushi ba. Haka ma mai kare, a gaya masa ƙarfe nawa haushin ya fara, ƙarfe nawa ya ƙare, domin wataƙila bai sani ba. In abin bai sake ba, sai a miƙa wa mai kula da zango tun ranar, kada a haɗiye fushi har ranar tashi sa'an nan a zube shi a bakin ƙofa lokacin da ba ya amfanin kowa. Wajibi ne kuma a rarrabe tsakanin fitina da wasa. Dariyar yara a filin wasa da ƙarfe huɗu na yamma ba laifi ba ce, wanda ya zaɓi zangon iyali a tsakiyar watan Agusta kuwa ya san abin da ya biya kuɗinsa ya saya.

Gajiya da wannan rikici ta sa wasu masu zanguna sun ɗauki gajeriyar hanya. Akwai zangunan manya zalla, inda ba a karɓar wanda bai kai shekara 18 ba, kuma dokar daidaito ta 2010 ba ta hana haka ba, domin kariyar da ta bayar game da shekaru wajen ciniki ba ta shafi yara ba. Wasu sun hana karnuka gaba ɗaya, in ban da karen da ke yi wa makaho ko wani naƙasasshe jagora. Wasu kuma sun raba filinsu gida biyu, iyalai a wannan gefe, masu neman shiru a wancan. Wannan ya kawo wa mutane da yawa sauƙi, ba mai musu. Sai dai asarar ta faɗa kan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, watau iyalin da suka tarbiyyantar da 'ya'yansu suka hore karensu, waɗanda wuraren da za su iya zuwa ke raguwa saboda sakacin wasu. Tafi-da-gidanka kuwa yana cikin hutu mafi sauƙin kuɗi ga mai ƙaramin ƙarfi da 'ya'ya uku ko huɗu.

Kare bai karanta dokar zango ba, yaro ɗan shekara biyar ma haka. Wanda ya sa hannu a takarda a bakin ƙofa shi ne babba, shi ya karɓi sharuɗɗan. Ya sami hutu daga ofis ko masana'anta, amma ba wanda ya ba shi hutu daga kula da ɗansa da dabbarsa. Abin da ake nema gare shi kaɗan ne. Ya gajiyar da karensa da yawo kafin dare, ya tafi da shi in zai fita ko ya fasa fitar, ya zaga zangon da yaransa ran da suka sauka ya nuna musu hanyar mota da bakin ruwa, ya hana su taɓa karen da ba su sani ba, idonsa kuma ya kasance a kan ƙaramin cikinsu. Rigakafi ya fi magani, maƙwabcin da ke kwance mita 6 daga nan shi ma kuɗinsa ya biya domin ya huta.