Tazargade Ba Ta Warkar da Ciwon Daji

Malam, ka rubuta cewa tazargade na warkar da ciwon daji, har ka kafa hujja da masaniyar kimiyya Tu Youyou. Haba! Lambar Nobel da ta samu a 2015 ta maganin zazzaɓin cizon sauro ce. Gaskiya sinadarin artemisinin da ta samo daga tazargade yana kashe ƙwayoyin daji a ɗakin gwaji, amma kwalbar gwaji daban, jikin mutum daban. Ko maganin daji vincristine, da aka tatso daga wani furen Madagaska, sai da aka tace shi, aka auna, aka gwada a kan majinyata. Mai ƙullutu a mama za ta karanta rubutunka, ta zauna gida tana shan jiƙo har ciwon ya bazu. Wa zai ɗauki alhakinta?