Sharhi: Bayanan majinyata sun shiga kwamfuta a Jos, wa ke da ikon kiransu zuwa bincike?

Fiye da shekara ashirin ke nan da bayanan dubban majinyata suka fara shiga kwamfuta a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, wato JUTH. Aikin ya samo asali ne daga shirin APIN na yaƙi da cutar ƙanjamau, wanda Jami'ar Harvard ta kawo Najeriya da tallafin Gidauniyar Bill da Melinda Gates, ya kuma bunƙasa daga 2004 da kuɗin shirin PEPFAR na gwamnatin Amurka. Ranar da aka ɗora mutum kan magani, sakamakon gwajin jininsa, zuwansa da fashinsa, duk suna rubuce. Daga wannan taska masana suka fitar da rubuce-rubucen ilimi masu yawa da sunan Jos.

Abin da ke jan hankalin masu bincike yanzu ya wuce nazarin tsofaffin alƙaluma. Mai son gwada sabon magani kan, a misali, mata masu hawan jini da suka haura shekara arba'in, a da sai ya yi watanni yana zaman jira a asibiti ko yana tonon fayil a ɗakin kati. Da kwamfuta kuwa, cikin mintuna zai samu jerin sunaye, lambar waya da unguwa. Jinkirin samun masu shiga gwaji na daga cikin manyan abubuwan da ke kashe bincike a duniya, don haka ba abin raini ba ne. Najeriya ma tana da buƙata: ita ce ke kan gaba a duniya wajen yawan masu cutar sikila, kuma gwajin maganin hydroxyurea da aka yi a Kano don kare yara daga shanyewar ɓarin jiki ya nuna cewa bincike a gida yana amfanar 'yan gida.

Sai dai wanda ya ba ma'aikacin asibiti lambar wayarsa, ya bayar ne domin a yi masa magani. A unguwa kamar Gangare, inda gidaje ke manne da juna kuma kowa ya san kowa, wannan bambanci yana da nauyi. Mata da yawa lambar maigida ko ta wani ɗan uwa suke bayarwa. Idan baƙuwar murya ta kira ta ce an ga sunan wance cikin masu wata cuta, ana gayyatarta bincike, asirin da ta riƙe shekara da shekaru ya tonu tun kafin a tambaye ta ko ta yarda. Dokar hana nuna wariya ga masu ƙanjamau ta 2014 tana nan, amma ba ta mayar da auren da ya mutu.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce ana iya duba bayanan majinyaci domin nazari ko bincike ne da izininsa, da na shugaban asibiti, da na kwamitin ladubban bincike, sai fa idan an cire duk abin da zai nuna ko wane ne. Dokar Kare Bayanai da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta sa bayanan lafiya cikin rukunin da ke buƙatar kariya ta musamman. Matsalar tana tsakiya: nazarin alƙaluma yana yiwuwa ba suna, amma gayyata ba ta yiwuwa sai da suna. A nan ne ya kamata kwamitocin ladubba su tsaurara, su tabbatar cewa likitan da ke duba mutum ko ma'aikaciyar jinyar da ya saba da ita ce za ta fara yi masa maganar, ido da ido, da harshen da yake ji, kuma a bayyana masa cewa ƙin shiga ba zai taɓa maganinsa ba. Wannan na ƙarshe shi ne mafi wuya, domin wanda ke karɓar magani kyauta kunyar cewa a'a yake ji.

Arewa tana da dalilin ɗari-ɗari. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano da yara kusan 200, 11 daga cikinsu suka rasu. Iyaye sun ce ba a nemi yardarsu yadda ya dace ba, kamfanin ya musanta laifi, aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Wannan labari na cikin abin da ya rura ƙauracewa rigakafin shan-inna a 2003. Ingila ma, da duk ƙarfin hukumominta, sai da ta soke shirinta na tattara bayanan majinyata mai suna care.data a 2016, bayan jama'a sun yi ƙorafin ba a yi musu bayani ba.

Akwai kuma waɗanda kwamfuta ba ta san da su ba. Mai sayen magani a kemis, da mai zuwa wurin mai maganin gargajiya, da matar da ta haihu a gida, babu su a jerin. Binciken da ya dogara da rumbun babban asibiti kaɗai zai zaɓo masu kuɗin mota da masu juriyar layi, sannan a ɗauki sakamakon a ce na kowa ne.

Tambayar mallaka ma ta taso tun da Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje a watan Janairun 2025. Akasarin waɗannan na'urori da albashin masu shigar da bayanai da kuɗin masu tallafi aka tanade su. Kafin wani asibiti a Filato ya buɗe rumbunsa ga masu neman mutanen gwaji, abu mafi sauƙi shi ne a ƙara tambaya ɗaya a wurin yankar kati, da Hausa da Turanci da sauran harsunan jihar: ko majinyaci ya yarda a tuntuɓe shi kan bincike, kuma ta wace lamba.