Hoton Tsuntsu Da Kan Dushe A Hanya

Jama'a, mutum ya kan yi sammako ya ɗauko hoton gauraka garau, har ana ƙidaya gashin tukku, amma in ya aika sai ya isa a dushe. Dalili kuwa, WhatsApp ya kan matse hoto, kuma irin da a ke kira JPEG, duk sa'ad da aka sake ajiye shi sai ya ragu. Siraran gashin nan su ke fara ɓacewa.

Shawarar da na ke ba ku, ku adana na asali. Ku rage girman kwafi da kanku, sa'an nan ku ƙara masa kaifi sau ɗaya tak. In masanin tsuntsaye za ku aika wa, ku tura shi a matsayin fayil, gama da zanen fiffike a kan rarrabe tsuntsu da ɗan'uwansa.