An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

A watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilmi na Tarayya, Dokta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar soke tsarin 2022 na koyar da yaran firamare da harshen uwa, ya ce a koma Turanci tun daga ajin farko. Hujjarsa ita ce wai ɗalibai na faɗuwa jarrabawa a yankunan da suka rungumi harshen gida. Mu dai marubuta cewa muka yi an bar jaki ana dukan taiki.

Duk mai son ganin gaskiyar maganarmu ya bar Abuja ya zo bakin ruwa, ya bi ƙauyukan Yawuri da Ngaski da Shanga. Da yawa daga yaran nan da Gunganci ko Kambarci suka buɗe baki, Hausa kuwa a kasuwa da makarantar allo suka tsince ta. Irin wannan yaro ne za a ɗora wa kaya biyu ranar da ya fara shiga aji: ya koyi haruffa, ya kuma koyi harshe na uku da ba ya ji a gida ko a cikin jirgi. Abin da ke biyo baya kowa ya san shi. Malam ya faɗa, yara su amsa, yaro ya haddace allo tsaf, amma in ka rufe hoto ka nuna masa kalma sai ya yi zuru.

Karatu fa sau ɗaya ake koyonsa. Aikin shi ne yaro ya gane cewa kowane baƙi da wasali sauti ne, ya haɗa su su ba da gaɓa, gaɓoɓi su ba da kalmar da ya sani. Rubutun Hausa yana bin furuci, saboda haka wanda ya iya haɗa "ki" da "fi" ya ga kifi ya fito, to ƙofa ta buɗe masa, kuma da mabuɗin nan zai shiga Turanci daga baya. An jarraba wannan. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya fara gwaji a Ife, aka koyar da yara shekara 6 da Yarabanci, kuma ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin. A nan Arewa ma, da Hausa aka yi Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, magidanta suka riƙa karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo da kansu.

Sannan muna tambaya: yaushe aka aiwatar da tsarin da ake zargi? Tun 1977 manufar ilmi ta ƙasa ta tanadi fara koyarwa da harshen gida. Ina littattafan? Ina malaman da aka horar? Maganin da ba a sha ba, yaya za a ce ya ƙi aiki?

Mutanen yankin nan kuwa suna bin ƙasa bashi. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, an tashi mutane fiye da 40,000 daga garuruwansu domin Nijeriya ta sami lantarki. A watan Yuni na 2021 'yan bindiga sun kwashe ɗalibai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri. Uban da ya ga wannan, ya kuma daure ya raba ɗansa da kalli da gonar albasa ya tura shi aji, ya cancanci ranar da ɗan zai karanta masa wasiƙa. In shekara 6 ta wuce bai ga haka ba, kada a zo ana cewa masunta ba sa son boko.

Ya 'yan uwa marubuta, minista ya soke tsari amma bai karya mana alƙalami ba. Mu rubuta ƙananan littattafai masu shafi 8 ko 12, masu gajerun jimloli da manyan haruffa, daga mai sauƙi zuwa mai ɗan wuya. A sa giwan ruwa da tarwaɗa da birgi da bikin Rigata a ciki, yaro ya ga duniyarsa a takarda. Mu zauna da malaman aji ɗaya su gwada su a gaban yara kafin a kai maɗaba'a. Yaran nan su ne masu sayen littattafanmu nan da shekara 15, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba mu ikon yi.