Wa Ya Hana Direban Tirela Barci?

A watan da ya gabata ɗan yayata ya kira ni da hantsi, muryarsa cike da murna, ya ce, "Kawu, an ba ni mota." Shekara huɗu ya yi yana yaron mota, wanda mutanen tasha ke kira karen mota. Shi ne mai ɗaure tamfol, mai duba iskar taya, mai tokare ƙafar mota idan an tsaya a gangare, mai kwana ƙarƙashin bodi yana gadin kaya. Yanzu maigidansa ya yarda da hannunsa, ya miƙa masa makullin tirela, kuma lodinsa na farko hatsi ne daga kasuwar Dawanau zuwa Legas. Na taya shi murna, na yi masa addu'a. Da yamma sai ga kiran mahaifiyarsa, ita kuma da kuka. Damuwarta ita ce yaron yana da difloma, ga shi duk karatun nan ya ƙare a tuƙin tirela, me za ta ce wa mutane.

Na ba Yaya haƙuri, amma ban bi ta a kan dalilin kukanta ba. Akwai abin kuka a wannan lamari, sai dai ta ajiye shi inda ba nan yake ba. Da na tambayi yaron sharuɗɗan aikin, ga abin da na tarar. Babu takarda ko ɗaya da aka sa wa hannu. Albashin wata bai taka kara ya karya ba, ainihin samunsa yana cikin kuɗin hanya da ake ba shi a kan kowace tafiya, wanda a ciki zai ci abinci, ya sallami yaronsa, ya sallami masu shinge, abin da ya rage ya zama nasa. An gaya masa ranar da ake son kaya su isa. Ba wanda ya gaya masa awa nawa zai yi a kan sitiyari kafin ya kwanta, balle inda zai kwanta. Mu da muka saba zagin direbobin manyan motoci da ganganci, mun zauna lafiya da tsarin da ke biyan mutum lada a kan ƙin barci, sannan mu riƙe baki idan barcin ya sace shi a tsakiyar titi.

Bari mu fara da lissafi, domin lissafi ba ya son kai. Tsakanin Kano da Legas akwai kilomita 1,000 ko fiye, gwargwadon hanyar da aka bi, ko ta Abuja da Lokoja, ko ta Mokwa da Jebba da Ilorin. Ƙa'idar hanya ta Nijeriya ta ƙayyade gudun tirela da tanka a kilomita 60 cikin awa a kan titi mai tagwayen hannu, da 50 a sauran manyan hanyoyi. Ke nan direban da ya bi doka yana buƙatar awa 17 zuwa 20 na tsantsar tuƙi, kuma wannan idan babu rami, babu shinge, babu tayar da ta fashe, babu cunkoson shiga Legas. Duk wanda ya san hanyar ya san irin wannan rana ba ta zuwa.

A Tarayyar Turai, dokar da aka yi a 2006 ta tsayar da tuƙin direban babbar mota a awa 9 a yini, sai sau biyu a mako da aka yarda ya kai 10. Ta wajabta hutun minti 45 bayan kowace awa huɗu da rabi, kuma a cikin motar akwai na'urar da ke rubuta kowane minti, wadda jami'i zai karanta a bakin titi. A Amurka iyakar awa 11 ce, bayan hutun awa 10 a jere. Da wannan ma'auni, Kano zuwa Legas tafiyar kwana biyu ce cur ga direba guda, har da ɗoriya. Shi kuwa direbanmu, kowane dare da ya kwanta kuɗi ne ya fita daga aljihunsa, tunda sai ya sauke wannan lodi zai sami na gaba. Mai tumatir daga Kadawa yana son kwandunansa su isa kasuwar Mile 12 kafin su ruɓe. Mai shanu daga Potiskum yana tsoron kada wata ta faɗi cikin bodi 'yan uwanta su tattake ta. Dukansu suna da lambar wayar direba, kuma suna amfani da ita.

Hausawa sun ce barci ɓarawo ne, kuma kimiyya ta auna girman satarsa. A 1997 wasu masu bincike biyu a Ostireliya sun nuna cewa mutumin da ya yi awa 17 idonsa biyu, hankalinsa da saurin hannunsa kan ragu kamar na wanda barasa ta kai kashi 0.05 cikin ɗari a jininsa, wato iyakar da ƙasashe da dama suka haramta tuƙi a kanta. Al'ummar da ba za ta taɓa yarda mashayi ya tuƙa 'ya'yanta ba, ita ce ke sakin ɗaruruwan irinsa a kan titi kowane dare, ba tare da sun kurɓi komai ba. Motar da ke gudun kilomita 60 tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya. Gyangyaɗin daƙiƙa uku tafiyar mita 50 ce, rabin filin ƙwallo, buhun siminti 600 yana tafe babu mai riƙe da shi.

Daga nan ne labarin ƙwaya ke shigowa. Yaro kan fara da goro da shayi mai kauri, ya koma kofi, in waɗannan sun daina aiki sai wani a tasha ya nuna masa tramadol. Muna son mu kira wannan lalacewar tarbiyya, domin hakan ya fi mana sauƙi. Gaskiyar da ta fi ɗaci ita ce, a tsarin da muka gina, ƙwayar ta zama kayan aiki kamar jak da sifana. Wannan bai wanke mai sha ba, kuma hukumar NDLEA tana da gaskiya idan ta kama shi. Amma wanda ya kama mai shan ƙwaya ya bar wanda ya yanka masa wa'adin da ba ya cikuwa sai da ƙwaya, ya sare reshe ne ya bar saiwa.

Abin takaici, kakanninmu sun fi mu sanin wannan sana'a. Fataken da suka riƙa kai kanwa da tufafi Gwanja su dawo da goro ba su tafiya sai da madugu, kuma madugu ba ya tayar da ayari sai ya san zangon da za a sauka. Zango wuri ne sananne, da ruwa, da abinci, da tsaro, da mai masauki, kuma tazararsa daidai take da abin da mutum da jaki za su iya ci a yini. Ƙarfin wannan tsari ne ya sa har yau unguwannin baƙi a Kumasi da Akara ke amsa sunan zango. Mu da muka gaji kalmar, har muke cewa "direban dogon zango", mun rushe zangon kansa. Abin da ya rage shi ne gefen titi a Tafa da Mararrabar Jos da Ogere, inda tireloli ke jeruwa su cinye rabin hanya, direba ya kwanta ido ɗaya a buɗe saboda ɓarayin batir da dizal. A wasu wuraren ma, irin dajin Birnin Gwari, tsayawar kanta ita ce haɗarin.

Kuma kada mu manta yadda kayan suka hau kansa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma shekaru da dama shi ne ke kwasar gyaɗa da auduga da fata zuwa teku. Da aka bar layin dogo ya lalace, nauyin ƙasa gaba ɗaya ya koma kan titi, wato kan wuyan direba. An ga haka ƙarara a ƙarshen Fabrairun 2021, lokacin da ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta dakatar da kai kaya Kudu bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan. Cikin 'yan kwanaki farashin tumatir da albasa ya tashi a Legas, a Arewa kuma suka yi kwantai. A shekarar nan dai Birtaniya ta rasa isassun direbobi har gidajen mai suka ƙafe, gwamnati ta buɗe biza 5,000 ta wucin gadi don neman su daga waje. Sana'ar da ke iya durƙusar da ƙasa cikin mako guda ba ta cancanci rainin da Yaya da ire-irenmu 'yan boko ke yi mata ba.

Na san abin da za a ce, kuma wasu daga cikin maganganun suna da nauyi. Za a ce direbobi ma ba tsarkaka ba ne: akwai mai lafta kaya fiye da ƙima, mai ɗora fasinja a kan buhuna, mai zuƙe dizal ya sayar. Haka ne, kuma ba mai neman a yafe musu. Za a ce masu motoci su ma a matse suke, dizal ya yi tsada, kayan gyara da dala ake sayo su, mota kan shafe kwanaki a layin tashar Apapa ba ta samar da ko sisi. Wannan ma haka ne. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce, idan aka ba direba hutu, ko aka sa direba biyu a mota, kuɗin dako zai ƙaru, abinci ya ƙara tsada ga talaka. Amsata ita ce muna biyan wannan kuɗi tun tuni, illa dai ba a kasuwa ake karɓarsa ba. Ana karɓarsa ne daga ɗan acaɓar da tirela ta bi ta kansa, daga mai tallar bakin titi, daga marayun direban da babu wanda ya biya su diyya. Araha irin wannan ba ta ado.

Fiye da mutum 150 suka rasu a Majiya ta jihar Jigawa a Oktoban 2024 bayan faɗuwar tankar mai, wasu gommai kuma a mahaɗar Dikko ta jihar Neja a Janairun 2025. Kowane haɗari da nasa sanadin. Amma a duk muhawarar da ke biyo bayan irin waɗannan masifu, ana maganar masu kwasar mai, ana maganar ramuka da birki, da wuya ka ji wanda ya tambayi awa nawa direban ya yi rabonsa da barci. Tambayar da ba a yi ba, ba za a taɓa samun amsarta ba.

Ba dokoki muka rasa ba. Dokar Ƙwadago ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikaci ya ba shi sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku. Dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010 ta tanadi haƙƙin wanda ya ji rauni ko ya rasu a bakin aiki. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta tilasta sanya na'urar ƙayyade gudu a motocin haya tun 2017, kuma tana yi wa direbobi nasihar su riƙa hutawa. Sai dai nasiha ba ta ƙirga awa. Abin mamaki, masu motoci da yawa sun riga sun sanya na'urar bin sawu da ke nuna musu inda motarsu take a kowane lokaci. Na'urar da ke gadin dizal za ta iya gadin barcin direba, in da akwai mai so.

Saboda haka ga abin da nake nema, kuma daga masu karanta wannan shafi nake nemansa, domin a cikinku akwai lauyoyi, da manajojin kamfanoni, da ma'aikatan banki masu ba da bashin sayen motoci, da jami'an gwamnati. Kada a miƙa wa kowa makullin tirela sai da takardar aiki, da gwajin ido da hawan jini. A biya direba a kan kwanakin da ya yi, har da na jira a layi, domin kwanciya ta daina zama asara. A ɗora alhakin haɗarin gajiya a kan duk wanda ya yanka wa'adin, daga mai mota har mai kaya, kamar yadda dokar manyan motoci ta Ostireliya ta yi. Gwamnatocin jihohin da ke karɓar haraji a kan waɗannan hanyoyi su gina zango na gaskiya, mai katanga da ruwa da makewayi da masallaci da tsaro. Ƙungiyoyin NURTW da NARTO kuma su sa awannin tuƙi a sahun gaba na abin da suke ciniki a kai, yadda suke yi wa kuɗin dako.

Na gaya wa Yaya ta share hawayenta, ɗanta yana cin halalinsa, kuma shinkafar da ke tukunyar masu yi mata gori a bayan irinsa ta hau. In za ta yi addu'a, ta roƙa masa maigida mai tsoron Allah da dare mai tsawo. Shi kuma ya kira ni daga Jebba a tafiyarsa ta farko, wajen ƙarfe biyun dare, yana ba ni labarin gadar da ya tsallaka da kansa a karon farko. Na ce masa, "Ka yi barci kuwa?" Ya yi dariya, ya ce, "Kawu, sai na sauke kaya."